Allon Ya Yi Ja

Jini ya rufe idon kyamarar da ke cikin matar da ake wa fiɗa, allon ya koma ja wur. Wani ya kashe kiɗan salsar da ke tashi a rediyo.

Shekara talatin wani dattijon likita yana tsaga ciki a birnin Cali kafin ya dawo ɗalibi, yana koyon fiɗa ta ɗan huji. Kullum malaminsa, sa'an ɗansa, sai ya yi masa tsiya: "Baba, allo ake kallo, nan ba mahauta ba ce."

"Jininta na sauka," in ji likitan sa barci.

"Tsaga ta, malam!" Dattijon ya miƙa masa wuƙa.

Malamin bai karɓa ba. Ya sunkuyo, ya ce: "Baba, ban taɓa yi ba."