Kabad Ɗin Da Ya Ƙi Motsi

Sumie ta tura kabad, ya ƙi motsi. Ta leƙa bayansa, sai ga ƙarafa sun ɗaure shi da bango. Tebur ma an kafe shi. Ita kuwa ba ta iya wata guda ba ta sauya wa kayan ɗaki wuri ba.

"Baban Rie, wannan kuma wane sabon salo ne?"

"Saboda girgizar ƙasa," in ji mijinta Tadao, yana laluben ƙusa a kan tabarma.

"Shekara talatin ƙasar nan tana girgiza ba ka damu ba, sai yau? Ni ma ka kafe ni mana!"

Ya ci gaba da lalubensa. Ta zari jaka ta fice sayo abin kwance ƙarafan. A hanya yayyafi ya fara, ta koma ɗaukar lema.

A falo ta tarar da shi, ya ɗaure idanunsa da tawul, yana ƙirga sawu. "Daga tebur zuwa kabad, taku shida." Ga takardar likitan ido a kan tebur.

Sumie ta karanta, ashe ganinsa ne ke gushewa. Ta ajiye jakar, ta ɗauki guduma.

"Ka manta da kantar takalma," ta ce. "Miƙo ƙusa."