Jirgin Mai Fito a Tsakar Gida

Tunda ka ce ba za ka saki komai ba sai farashi ya gyaru, zauna in ba ka misalin wani mai fito.

A wani gari na bakin gulbi yake, aikinsa ƙetarar da mutane. Jirginsa ya tsufa, sai ya ci bashi wurin wani attajiri, ya jinginar da fadamar da ya gada, aka sassaƙa masa sabo na maɗaci. Sharaɗi shi ne ya biya kafin ruwan farko na damina, in ba haka ba fadama ta tafi. Yana ganin ana kafa ginshiƙan gada a gulbin, amma ya ce wannan aiki ba a zamaninmu zai ƙare ba. Sai ga shi ya ƙare. Masu jiran fito jiya, yau ga su can sama a kan babura, ko leƙo shi ba sa yi. Babu ta shigo gida, magana ta yi tsami tsakaninsa da matarsa, har aure ya mutu. Ka san gado da katifa na mace ne. 'Yan'uwanta suka kwashe kayan ɗaki tas, suka bar masa sawun ƙafafun gado a daɓe. A kwanakin ne wani masunci ya zo ya taya jirgin. Tayin bai kai abin da aka kashe ba, amma da ɗan ciko zai fanshi fadama. Mai fito ya ce albarka. Wai ambaliya na nan tafe, ranar da gada ta karye kowa zai dawo yana roƙonsa.

Sai ya sa aka jawo jirgin har tsakar gida, gindin tsamiya, ya shimfiɗa tabarma a ciki, ya zama gadonsa. Shi da ya tashi a ruwa ya fi kowa sanin jirgi ba ya son tudu, amma wanda ɗaki ya yi wa faɗi ba ya tuna abin da ya sani. Ni dai tausayi ya fi ba ni fiye da haushi. Da rana ta take, inuwar ganye na rawa a jikin itacen, sai ya lumshe ido ya ji jirgin ya ɗaga. Gulbi ya biyo lungu, ya shigo ta zaure a hankali. Ga masu tallan nono da ƙorensu, ga buhunan albasa, ga akuya ɗaure tana kallon ruwa. Matarsa na zaune a goshin jirgi, ta ba shi baya, tana jan yatsu a ruwa. Yana ta tuƙi ba su kai gaɓa ba, shi ma ba ya son su kai. Cikin barcin yakan ji ƙas, ƙas, a ƙarƙashinsa, sai ya gyara kwanciya. Ashe zafin bazara ne ke tsaga maɗaci.

Ranar da hadari ya fara haɗowa a gabas, attajiri ya aiko. Mai fito ya farka, ya nemo masuncin ya ce ya sallama a tsohon tayi. Aka kinkimi jirgi zuwa gulbi, aka tura shi. Ruwa ya riƙa ɓuɓɓugowa ta ciki kamar ta rariya, ba gaggawa, har jirgin ya zauna a kan yashi suna tsaye suna kallo. Masunci ya ce, "Malam, wannan ai sai murhu." Bayan damina, da ruwa ya ja, daga kan gadar nan mai fito ya tsaya yana kallon wasu suna dasa albasa a fadamar ubansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.