Littafin Jar Motar Baban Nuru

Jama'a, ashe Lado bai ci amana ba! Tun ɗazu nake rawa da Nuru a goye.

Jar motar nan ce mai ƙofa biyu, wadda maigidana Baban Nuru ya sayar da shanunsa ya saya don ya sayar wa ɗan wani Alhaji a Kazaure. Yaron ya ce in babu littafin da ake rubuta gyaranta da juyen mai, ba ya so. Lado, dillalin da ya kawo ta, ya rantse littafin yana cikin motar. Aka duba, babu. Sati biyu maigida ko abinci ba ya ci, gobe ma zai kai Lado wurin 'yan sanda.

Ɗazu maƙwabciyata Saude ta shigo da wata takarda duk maiƙo.

"Maman Nuru, wannan ba hoton motarku ba ne?"

Shi ne kuwa. Ran da aka kawo motar na tsinci littafi a ƙarƙashin kujera. Takarda mai kauri, ba ta yoyon mai, sai na yi ta yaga ina ƙunshe wa mutane awara.

Ban san da wane baki zan gaya wa maigida ba. Don Allah duk wanda ya sayi awara a wurina, kada ya yar da takardar. Ku tura wa wasu.