Albasa Ta Riga Ta Zuwa Ƙonni

Shekara tara ke nan da haɗe kasuwannin yankin. Kaya na ƙetare iyaka ba tambaya, amma mutum sai ya jira izini wata uku.

Tasalla ta kawo albasarta bakin iyakar Illela. Can Ƙonni kuwa, mahaifiyarta na kwance rai a hannun Allah.

"Ɗana, yau ma izinina bai fito ba?"

"Bai fito ba, Inna," in ji ma'aikacin, yana buga wa buhunanta hatimi. "Su dai za su isa kafin la'asar."

Tasalla ta hau sikeli, ta zauna tsakanin buhunan, ta miƙa masa hannu.

"To, buga mini ni ma."

Ya daɗe yana kallon hannun.

"Inna, sauko. Mota na jiran kaya."