Lemar Inna

Da na faka sabuwar jar motata ta tsere, marar rufi, a ƙofar gida, unguwa ta tsaya cak. Mai shagon da ko sallamata ba ya amsawa, yau har da "ranka ya daɗe". Samari sai ɗaukar hoto suke.

Inna ta fito ta zagaya motar, ta lalubi rufi ba ta samu ba. Ta koma ciki ta ɗauko lemarta, ta shiga ta hakimce, ta buɗe ta a kanmu.

"Kada ka ji kunya, auta," ta raɗa mini. "Gidan nan ma haka muka tare a cikinsa ni da babanka, rufin daga baya ya zo. Ja mu je."