Hoton Dogo a Bangon Sito

Tun ranar da ƙaramar hukuma ta kafa allo a bakin gonar Auta, abinci ya daina yi wa Dogo daɗi. Auta fa, ƙanensa, wanda shi ya koya masa riƙon fartanya. Yanzu shi aka ba sabon irin masara, aka haƙa masa rijiya, aka share hanya har gonarsa. Ga gonakin biyu manne da juna, ko bai so ba sai ya gani.

An yi wa Dogo tayin irin nan shi ma, Auta ya kawo masa har gida. Ya ce a mayar, shi ba ya shuka ragowar yaro.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne sabon siton da ake ginawa a kasuwa, inda manoma za su riƙa tara amfanin gona su sayar tare. An ce za a manna hoton manomi a bangonsa. In fuskar Auta kaɗai ta hau bangon nan, to Dogo da kasuwa sai dai aike.

Sai ya tare malamin gona a hanya. "Malam, mu ba manoma ba ne?"

Malamin ya leƙa gonar Dogo, ya daɗe yana kallo. "Baba, ai irin taka muke nema."

Daga nan baƙi suka fara zuwa. Motarsu sai ta tsaya wurin Dogo tukuna, su zagaya, su taɓa ganye, su gyaɗa kai, sannan su tsallaka wurin Auta. Dogo ya ce wa matarsa, "Kin gani ko? Da babba ake farawa."

Ranar ɗaukar hoto ya sha sabuwar riga, mai hoton ya ce ya sa ta aiki. Ya tsayar da shi a kusurwar da masara ba ta kai masa ƙugu ba, wai nan haske ya fi kyau. Auta ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, da ka haƙura da hoton nan."

Dogo ya kalle shi sama da ƙasa. Ashe yaron ma ya san zafin abin. Ransa ya yi fari, ya washe baki aka ɗauka.

Ranar buɗe sito, Dogo ya kutsa har sahun gaba, matarsa na biye. Aka yaye ƙyallen da ya rufe bangon. Hotuna biyu ne, girmansu ɗaya, kuma nasa ne a sama. Ya waiga yana neman idon Auta, sai ya ga Auta ya sunkuyar da kai.

A ƙarƙashin hoton Auta an rubuta, "Inda muka kai." A ƙarƙashin nasa kuwa, da manyan baƙaƙe, "Inda muka baro."