Jar Fitilar Yahuza

Yahuza na tafiya masallaci, Badaruddeen ya faɗa shagonsa. Shi ya koya wa Yahuza wayarin, wato haɗa wutar mota, amma yau motocin unguwar Apo wajen Yahuza suke layi saboda na'urar kama ɓarayin da ya haɗa. Abin na cin ran Badaruddeen.

Ya ɗaga murfinta, sai ga jar fitila a kunne. Ya zaci shi ya tayar da ita. Ya san halin tayirista, ɗan makunnin da ke cikinta: taɓawa ɗaya ta kama, ba ta saki sai an yanke wuta. Ya zare batir, ya mayar. Fitila ta mutu.

Yahuza ya dawo, ya duba, ya yi murmushi.

"Oga, ai a kunne na bar ta. Duk layin nan, wa ya iya kashe ta in ba kai ba?"